Yadda Ake Tara Sulallan Ƙasashen Maƙwabta

Sulalla sun kusa ɓacewa daga hannun mutane a Najeriya, amma da ka tsallaka Maraɗi, Birnin Ƙonni ko Garwa, da su ake ba da canji kullum. Don haka mai son tara su ba sai ya fara da kuɗi mai yawa ba.

Da farko, zaɓi yanki ɗaya. Sefa iri biyu ce, kuma sabon shiga yakan cakuɗa su. Ta yammacin Afirka, wadda ake kashewa a Nijar da Benin da wasu ƙasashe shida, bankin BCEAO ne ke fitar da ita, za ka gane ta da tambarin kifi mai baki kamar zarto. Ta tsakiya kuwa, ta Kamaru da Chadi da wasu huɗu, ta bankin BEAC ce, tsofaffin sulallanta na ɗauke da kawunan dabbobin dawa uku masu dogayen ƙahoni, dangin gwanki. Darajarsu ɗaya, amma mai shayi a Damagaram ba zai karɓi ta Kamaru ba.

Na biyu, fara da waɗanda ke yawo a kasuwa. Ka roƙi direban da ke zirga-zirga ta Jibiya ko Illela, ko ɗan'uwa mai fatauci, ya riƙa ajiye maka canjin da ya rage masa. 'Yan canjin bakin iyaka ma ba su cika damuwa da ƙarfe ba, takarda suke so, sai su sallama maka da sauƙi. Ka sani a Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce, saboda haka in an ce dala ashirin, 100 ke nan. Nemi ɗaya daga kowane iri na sefar yamma: 5, 10, 25, 50, 100, sai masu ƙarfe launi biyu, wato 250 da ta fito a 1992, da 200 da 500 da suka zo a 2003. In ka cika wannan, sai ka koma bin shekaru.

A nan sefar tsakiya ta fi daɗin bi. Sulallan yamma ba sa nuna ƙasar da aka yi wa su, amma 100 ta shekarun 1970 a tsakiya tana ɗauke da sunan ƙasa ɓaro-ɓaro, Cameroun ko Tchad. Ita kuma 50 da aka fara bugawa a 1976 ƙaramin harafi gare ta: A na Chadi, B na Afirka ta Tsakiya, C na Kwango-Brazzaville, D na Gabon, E na Kamaru. Sulalla biyar masu kama ɗaya, sai ka sa ido sosai kafin ka bambanta su.

Na uku, sulallan tunawa. Kamaru ta buga 50 a 1960 mai ɗauke da ranar samun 'yancinta, 1 ga Janairu. Gana ta sa hoton Kwame Nkrumah a kan sulallanta na 1958 da 1965, aka cire shi bayan juyin mulkin 1966. Akwai na zinariya da azurfa masu hoton Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, sai dai ba a yi su don cefane ba, kar ka sa ran tsintar su a canji.

Na huɗu, masu kuskuren bugu, kuma a nan aka fi cutar mutane. Kuskuren gaske daga gidan buga kuɗi yake fitowa: hatimi ya zame zane ya karkata gefe guda, ko rubutu ya fito ninki biyu, ko hatimin ya tsage ya bar siririn layi da ya taso a kan ƙarfen. Abin da ya lotsa ciki kuwa, galibi duka ne ko taya ta bi ta kai. Kafin ka ce ka samu mai kuskure, jera shi da 'yan'uwansa uku ko huɗu na shekara ɗaya, ka duba da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo. Wani abin da ke ruɗin mutane shi ne, in ka juya sulen sefa daga hagu zuwa dama, bayansa a kife zai fito. Haka ake buga su, ba kuskure ba ne.

In kana son ganin kuskure na ainihi, koma ga kuɗin zamanin Turawa da Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya suka yi tarayya a kai, su anini da ɗari (rabin kwabo) da kwabo mai huji. Akwai kwabon 1956 da ya fito da sunan Sarki George na shida na Ingila, alhali ya rasu tun 1952, saboda an haɗa hatimin da ba nasa ba. Irin waɗannan tsofaffi akan same su wajen masu kayan tarihi a Kasuwar Kurmi ta Kano, ko a tsohuwar adakar kaka. Ka yi hattara da dalar azurfa mai hoton Maria Theresa, sarauniyar Ostiriya ta dā. An yi ta sake buga ta da shekarar 1780 har zuwa zamaninmu, don haka wannan lambar ba ta nuna tsufa. Wadda aka huda ko aka liƙa mata kunne don sarƙa, farashinta ya faɗi.

Na biyar, ajiya. Kada ka goge sule da toka, lemun tsami ko man goge ƙarfe. Wannan duhun da kake ganin datti ne, shi masu saye ke nema, gogaggen sule kuwa nan take suke gane shi. In laka ce ta kama shi, jiƙa shi a ruwa mai tsabta, ka ɗora a kan ƙyalle mai laushi ya bushe, ban da dirzawa. Riƙe shi ta gefe, domin gumin yatsa na barin tabo. Kowanne ka sa shi a 'yar ambulan ta takarda shi kaɗai. Leda mai taushi takan sa ƙarfe ya yi kore, musamman da damina. A bayan ambulan rubuta ƙasa, daraja, shekara, inda ka samo shi da nawa ka biya, sannan ka kwafe a littafi ka ɗauki hoton fuska da baya da wayarka. Waɗanda suka maimaitu ka ware su gefe, da su za ka yi musaya da mai tarawa a Yamai ko Kumasi.