Kurakuran da masu haɗa gidan 'yar tsana suke yi wajen ma'auni da nauyi

'Yan uwa kafintoci na Agege da Idi-Araba, da ɗalibanmu masu haɗa samfurin gini a Yaba, akwai lissafin da yake cin mu kuɗi kullum.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi a gidan 'yar tsana shi ne 1:12, wato duk ƙafa ɗaya ta koma inci ɗaya. To kuskuren farko, sai mutum ya raba nauyi ma gida 12 ya ce shi ke nan. A'a malam! Tsawo ya ragu, faɗi ya ragu, kauri ma ya ragu, saboda haka 12 sau 12 sau 12 ne, 1,728. Teburin da yake kilo 30, in da katako iri ɗaya ka yi ƙaraminsa giram 17 ne kawai, ba kilo biyu da rabi ba. Fenti kuma da 144 za ka raba tunda shi fuska kawai yake rufewa.

Sai mantawa da kauri, wannan kam ya fi yawa. Bulo mai inci 6 ya zama rabin inci, nan ba matsala, amma saman tebur mai inci ɗaya wajen milimita 2 kawai zai koma, mutum kuma sai ya ɗauki ragowar katakon bango ya yanka tebur da shi, ka ga abu dunƙum kamar turmi. Nemi falle siriri ko kwali mai ƙarfi, ka shafe shi da fenti gaba da baya don damshin Legas ba ya raga wa kwali.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na ciniki. Hajiya ta ce yi min irinsa amma ninki biyu, kai kuma ka ninka kuɗi biyu ka karɓa da murna, alhali fenti ya ninka 4, katako da nauyi sun ninka 8 in har kaurin ma ya ninka, ga kuɗin ɗauko shi daga shago a keke. Yi lissafin nan a gabanta kafin ka faɗi farashi.

Kuma ka tambayi wace 'yar tsana za ta shiga. Barbie ta haura inci 11, ma'auninta wajen 1:6 ne, ƙofar 1:12 kuwa inci 7 take, ba za ta wuce ba sai a kwance. A kawo maka ita shago ka auna tukuna ka sa zarto.