Yadda ake tsara jingar laburare ga 'yan aji ɗaya

Yawancin ɗaliban da ke shigowa Jami'ar Bayero ko Kwalejin Sa'adatu Rimi sun fito ne daga sakandaren da littafi ɗaya ya ishe su kowane darasi. In ka ce musu "ku rubuto tarihin Kano" kawai, shagon kwamfuta za su nufa, a buga musu abu ɗaya su ɗari.

Kafin ka ba da jingar, malam, taka da ƙafarka zuwa laburare ka yi ta da kanka. Ƙirga kwafin littattafan da ke kan kanta. Aji mai mutum 300 da kwafi biyu rigima ce: wanda ya riga zuwa zai ɓoye littafin a wata kanta, wani ma ya yage shafin. Maganinsa, ka sa a mayar da shi sashen ajiya inda ake karantawa a wurin, ko ka raba ajin zuwa maudu'ai goma. Ka kuma ba ma'aikacin laburaren kwafin tambayar mako biyu kafin lokaci, don shi ɗalibai za su yi wa ca.

Tambayar ta zama 'yar ƙarama. "Me ya rage wa rinin Ƙofar Mata kasuwa?" ta fi "masana'antun gargajiya" sau goma, saboda tana da amsar da za a nema.

Sai ka karɓi aikin kashi-kashi. Mako na 2, tambaya da kalmomin nema biyar. Mako na 4, madogara uku: littafi, maƙalar mujalla da jarida, tare da lambar da ke gadon bayan littafin. A tsarin Library of Congress na jera littattafai a kanta, tarihin Najeriya yana lamba DT515, Hausa kuma ta fara daga PL8231; nuna musu wannan a allo. Mako na 6, sakin layi ɗaya kan kowace madogara: wa ya rubuta, yaushe, me ya ce. Rubutun shafi biyu sai mako na 8. Kowane mataki da makinsa, in ba haka ba sai daren ƙarshe za su fara.

Kada ka ce an hana intanet, don mujallun ilimi da yawa can suke. Amma ChatGPT, manhajar da ke amsa tambaya da yin rubutu, kan ƙirƙiro sunan littafin da babu shi, saboda haka ka nemi hoton bangon littafin da na shafin da aka ɗauko maganar.