Yadda Ake Shiga Tsarin Biyan Manomi Kafin Girbi a Kaduna

A wannan tsari, wasu gidaje ne suke haɗa kuɗi su ba manomi tun kafin ya yi shuka, shi kuma ya riƙa kawo musu kasonsu na kayan lambu duk mako har noman ya ƙare. An san shi a Japan da sunan teikei tun shekarun 1970, ya kuma isa Amurka a 1986. Manomi yana samun kuɗin iri da taki da man injin ban ruwa ba tare da ya ci bashi ba, magidanci kuma yana samun kayan miyan da aka tsinko da safe, waɗanda ba su bi ta hannun dillalai ba.

Da farko sai a nemi manomi da abokan tafiya. Hanya mafi sauƙi ita ce a tambayi malamin gona na yankin, ko sarkin noma, ko shugabannin ƙungiyoyin manoman fadama da ke bakin Kogin Kaduna da ƙananan hukumomi irin su Igabi da Kudan. Idan babu rukunin da ya riga ya kafu, maƙwabta ko abokan aiki kamar goma za su iya kafa nasu, su naɗa mutum ɗaya mai riƙon amana kamar yadda ake yi wa uwar adashi.

Kada a ba da ko sisi sai an taka gonar da ƙafa. A duba inda manomin yake jawo ruwa, domin latas da kabeji da karas ɗanye ake cin su, kuma lambun da ake shayarwa da ruwan kwata ko na magudanar masana'antu bai dace da wannan ciniki ba komai arharsa. A tambaye shi irin maganin ƙwarin da yake fesawa da kwanakin da yake bari tsakanin feshi da tsinka.

Daga nan sai a zaɓi lokaci. Noman rani, daga Nuwamba zuwa Maris, shi ne na tumatir da tattasai da albasa, damina kuwa ta kuɓewa ce da yakuwa da ɗanyar masara. A ganina sabon shiga ya fara da rani, domin ruwa yana hannun manomi, ba jiran sama ake yi ba.

Mataki mafi nauyi shi ne yarjejeniya, kuma a rubuce ya kamata ta kasance, da shaidu. A fayyace ma'auni, kwando ne ko daro ko dami, da ranar kawowa, da wanda zai biya kuɗin mota. Sannan a yi maganar asara tun ana dariya. A 2016 tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, kuma irin wannan shekara ce take raba abokai idan ba a yi magana tun farko ba. A ƙasashen da aka saba da tsarin, mai biya yana ɗaukar kasonsa na asarar. A nan kuwa da yawa za su so su ji matsayin tsarin a shari'a, kasancewar cinikin salam, wato biyan kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, yana bukatar a biya kuɗi gaba ɗaya, a kuma ambaci nau'i da ma'auni da lokaci, alhali kason gonar da ba a san abin da za ta bayar ba wani abu ne daban. Saboda haka a kai takardar wurin malami ya duba, a zaɓi ɗaya: ko sayen kaya sananne, ko haɗin gwiwa a riba da asara.

Abin da ya rage shi ne karɓa. A tsayar da wuri ɗaya da rana ɗaya, a raba kaya nan take a gaban kowa, wanda ba zai samu zuwa ba ya aiko ɗan gida, tunda alayyahu ba ya kwana. A watannin Janairu da Fabrairu tumatir zai fi ƙarfin tukunyar gida, don haka uwargida ta tanadi tabarma mai tsabta ta yanka ta shanya a iskar hunturu, kauɗar ta yi amfani a Yuni da Yuli lokacin da kwando yake tsada a kasuwa.