Yadda za ka saurari Turangalîla ta Messiaen ba tare da ka gaji ba

Shawarar da nake ba duk mai son gwada Turangalîla ita ce kada ya ɗauke ta daga farko. Dogon kiɗa ne na babban taron makaɗa, wanda Bafaranshe Olivier Messiaen ya rubuta tsakanin 1946 da 1948, aka fara kaɗa shi a Boston ta Amurka ranar 2 ga Disamba 1949, Leonard Bernstein na jagorantar makaɗan. Kashi 10 ne, ya kan ci kusan minti 80, kuma wanda ya faɗa masa ba shiri kafin kashi na uku ya fara hamma.

Je ka kai tsaye kashi na biyar. Rawa ce mai zafi, ƙahonin tagulla da ganguna da fiyano kowa na gudu, kuma karin ba ya da wuyar kamawa. Can sama da dukkan kayan kiɗan za ka ji wata murya tana hawa tana zamewa kamar guɗa a gidan biki. Ba mutum ba ne. Na'urar lantarki ce mai suna ondes Martenot, wadda Maurice Martenot ya fito da ita a 1928. Mai kaɗa ta yana sa zobe a yatsa, yana jan shi a gaban maɓallai, shi ya sa sautin ba ya tsalle daga wuri zuwa wuri, sulalewa yake yi. 'Yar'uwar mai na'urar, Ginette, ita ta kaɗa ta a Boston.

Daga nan ka wuce na shida, ka ajiye waya, ka zauna. A nan na fi daɗewa. Masu goge suna jan karin soyayya a hankali ƙwarai, har ka ce ba motsi suke ba, fiyano kuma yana ta kukan tsuntsaye a gefe. Kada ka bi gogen kaɗai. Maida kunnenka kan fiyanon na ɗan lokaci, sannan ka dawo, za ka ga ba sa jiran juna. Messiaen, lokacin da yake raye, mutum ne mai shiga daji da takarda yana rubuta kukan tsuntsu. Yvonne Loriod, wadda ta kaɗa fiyanon a ranar farko, ita ya aura a 1961.

Sai ka koyi gane karin waƙa guda biyu da ke kashi na ɗaya. Akwai mai nauyi da ban tsoro wanda manyan ƙahoni ke busawa, shi Messiaen ya kira shi karin gunki. Akwai kuma na fure, ɗan siriri, kilarinet biyu, wato abin busa mai kama da algaita, ke busa shi ƙasa-ƙasa. In ka riƙe su, duk inda suka sake ɓullowa ba za ka ɓata ba.

Kashi na uku da na bakwai da na tara ka bar su sai daga baya. Lissafin bugu ne ya fi yawa a cikinsu, wani daga tsofaffin salon Indiya, ga ƙarafa masu amo irin na makaɗan tsibirin Bali na Indonesiya. A ganina na tara ya fi sauran bushewa, ko da yake akwai masu cewa nan ne gwanintar take.

Lasifikar waya ba za ta yi ba, tana haɗiye manyan ƙahonin. Sa abin kunne, kuma ka nemi bidiyon da ake nuna hannun mai ondes ɗin, don ka ga yadda hagu ke danna maɓallin ƙarfin sauti yayin da dama ke jan zoben.