Yadda Ake Mayar da Kashi Zuwa Lamba Mai Ɗigo

Layin da ke tsakanin lambar sama da ta ƙasa a 3/8 alamar rabawa ce. Uku bisa takwas na nufin a raba uku gida takwas, kuma amsar da ta fito ita ce desimal, wato lamba mai ɗigo. Ta sama ake rabawa da ta ƙasa. Wanda ya juya su zai samu 2.67, kuma da gani ya kamata ya san an yi kuskure, tunda uku cikin takwas ko rabi bai kai ba.

Ɗauki 3/8 a takarda. Takwas ba ya shiga uku, sai ka rubuta 0 da ɗigo, ka ƙara wa ukun sifiri ya zama 30. Takwas a 30 sau 3 ne, 24 ke nan, saura 6. Ƙara sifiri, 60: sau 7, saura 4. Ƙara wani, 40: sau 5 cif, babu saura. Amsa 0.375.

Inda ɗalibai suka fi zamewa shi ne idan an ƙara sifiri amma har yanzu lambar ƙasa ba ta shiga ba. A 1/16, sha shida ba ya shiga 10. Dole ka ajiye 0 bayan ɗigon kafin ka tafi 100, inda zai shiga sau 6, saura 4, a ci gaba har 0.0625. Mai tsallake wannan sifirin zai rubuta 0.625, ya ninka amsar sau goma.

Idan lambar ƙasa tana iya komawa 10, 100 ko 1000, ba sai ka yi doguwar rabawa ba. A 7/20, ninka sama da ƙasa sau 5, ka samu 35/100, wato 0.35. Tsarin kuɗinmu ke nan tun 1973 da naira mai kwabo 100 ta maye gurbin fam mai sule 20, kowane sule kwabo 12. Shi ya sa rubu'in naira yake kwabo 25, 0.25.

Waɗannan sun cancanci hadda: rabi 0.5, rubu'i 0.25, humusi (1/5) 0.2, sumuni (1/8) 0.125, ushiri (1/10) 0.1.

Wasu kuwa ba sa ƙarewa. Sulusi (1/3) 0.333 ne har abada, sudusi (1/6) 0.1666, subu'i (1/7) kuma lambobi shida ne, 142857, suke ta zagayowa. Alamar ita ce saurar da ka riga ka gani ta sake dawowa. Nan za ka tsaya, ka sa ɗigo ko ɗan layi a kan lambar da ke maimaituwa. Ana iya ganewa tun kafin a fara: rage kashin zuwa mafi ƙanƙanta, idan lambar ƙasa daga 2 da 5 kaɗai aka gina ta, kamar 8, 20 ko 25, zai ƙare. Da 3 ko 7 ya shigo, ba zai ƙare ba. Ragewar tana da muhimmanci, domin 3/12 kamar ba zai ƙare ba, alhali 1/4 ne.

A Kantin Kwari, a ce an yanki yadi huɗu da kwata uku, kowane yadi naira 3,200. Huɗun tana nan yadda take, kwata uku 0.75, sai a danna 4.75 a kalkuleta, kuɗi ya tashi 15,200. Yaron shago da ya danna 4.3 zai karɓi 13,760, maigida ya tafka asarar 1,440. Haka lokaci yake: awa biyu da rabi 2.5 ne, ba 2.30 ba, saboda minti 30 rabin 60 ne.

A rabon gado ne gaggawar datse lamba ta fi ciwo. Matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya sumuni take samu. Daga naira 2,400,000, da 0.125 za ta karɓi 300,000. Wanda ya datse zuwa 0.12 ya tauye mata 12,000, wanda ya ɗaga zuwa 0.13 ya ci haƙƙin sauran magada 12,000. Sulusi da sudusi kuwa, tunda desimal ɗinsu ba ya ƙarewa, gara a raba dukiyar gida uku ko shida kai tsaye: sulusin 900,000 shi ne 300,000, amma da 0.33 sai a samu 297,000.