Sabon zuwa Jos, ba kowane ciwon kwiɓi ne sanyi ba

Duk wanda ya sauka Jos daga Kano, Katsina ko Maraɗi, sanyi ne ke fara yi masa maraba. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, a Disamba da Janairu kuwa taɓa ruwan alwalar asuba ma sai an daure. Daga nan sai baƙo ya riƙa ɗora wa sanyi laifin komai. Baya ya riƙe, sanyi. Jiki ya mutu, sanyi. Alhali wani ciwon kwiɓin alamar sankarar ƙoda ne.

Akwai wani dattijo mai sayar da tumatir a Farin Gada da muka yi haya gida ɗaya a Unguwar Rogo. Ya yi watanni yana dafe da kwiɓinsa na dama. Wata safiya ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, fitsarina ya koma kamar zoɓo, amma ko zafi babu." Bayan kwana biyu ya washe, Baba ya ce ai haɗin mai kemis ne ya yi aiki. Sai da wando ya fara zame masa daga ƙugu muka lallaɓa shi asibiti. Sikanin ya nuna ƙari a ƙoda. An cire ƙodar, ɗayar kuma tana riƙe da shi har yau.

Sankarar ƙoda a ɓoye take tafiya, sau da yawa ma a wurin hoton ciki na wata lalura daban ake cin karo da ita. In ta nuna kanta, babbar alamar ita ce jini a fitsari, ja ko kalar shayi marar madara, ya zo ya ɗauke. Ɗaukewar nan ce ke yaudarar mutane. Mu da muka tashi muna wanka a kududdufi mun saba da tsargiya, shi ya sa ba ma ɗaukar jinin fitsari da zafi. To ita tsargiya galibi ɗigo ne a ƙarshen fitsari. Tsakuwar ƙoda kuma ciwonta na sa ƙato birgima a ƙasa. Ciwon sankarar ƙoda kuwa nauyi ne a gefe guda, ƙasan haƙarƙari, da ya ƙi tafiya, wani lokaci har da kullutu da hannu ke ji. Sai rama ba dalili, rashin cin abinci, gumin dare duk da sanyin garin nan, da zazzaɓin da aka yi ta bankawa maganin maleriya da taifot bai ji ba.

Sankarar ƙoda ta fi kama maza da waɗanda suka manyanta, musamman mai shan taba, mai ƙiba, mai hawan jini da wanda ya daɗe ana yi masa wankin ƙoda.

Ka yi sammako zuwa JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko asibitin Plateau Specialist, ko na Jan Kwano, ka yanki kati. Kada Turanci ya tsorata ka, da wuya ka rasa mai jin Hausa a cikin ma'aikata. Ka faɗa wa likita ka ga jini ko da sau ɗaya ne, ko da ya wuce, domin a yi awon fitsari da sikanin.

Iyaye mata kuma, akwai irin sankarar ƙodar da ke kama yara, yawanci 'yan ƙasa da shekara 5. In kina yi wa yaro wanka kika ji tauri ko kumburi a gefen cikinsa, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe, ki goya shi zuwa asibiti a ranar.