Babi na Bakwai: Yadda Ake Saita Esi a Lokacin Zafi

A wannan babi za mu koyi karanta lambobi da alamomin da ke jikin rimot ɗin esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, sannan mu yi ɗan lissafi a kan wutar da take sha. Wanda ba shi da esi a gida kada ya ce darasin ba nasa ba ne. Akwai shi a wurin aiki, akwai shi a asibiti da ofis, kuma wata rana za a miƙo maka rimot a ce, "Don Allah rage mana sanyin nan."

Ga kalmomin da za mu riƙa cin karo da su. Ku karanta su da ƙarfi, sannan ku kwafe su a littafinku: esi, rimot, tamostat, digiri, kwampreso, filta.

Me lambar take nufi?

Mutum ya shigo daga rana, gumi sharkaf. Ya ɗauki rimot, ya yi ta dannawa har lamba ta sauka zuwa 16. A tunaninsa esi kamar rediyo ne, gwargwadon yadda ka murɗa, gwargwadon yadda zai yi ƙarfi. Mafi yawan mutane haka suka ɗauka, har da masu karatu mai zurfi. Kuskure ne, kuma wannan kuskuren ne yake cinye wutar gida.

A cikin kowane esi akwai wata 'yar na'ura da ake kira tamostat. Ku ɗauke ta kamar mai gadi riƙe da ma'aunin zafi. Yakan auna iskar ɗakin, ya duba lambar da ka ba shi. Idan zafin ɗaki ya kai digiri 31, kai kuma ka sa 25, sai ya tayar da kwampreso, wato injin da ke cikin akwatin waje, wanda shi ne yake aikin fitar da zafi kuma shi ne yake shan mafi yawan wutar. Da zarar ɗaki ya sauko 25, sai mai gadi ya tsayar da injin. Zafi ya sake hawa kaɗan, ya sake tayar da shi. Haka za su yi ta yi har ka kashe.

Saboda haka lambar da ke kan rimot tana faɗa wa injin inda zai tsaya. Ba ta ƙara masa sauri.

A ce ka tara guga a ƙarƙashin famfo, ka ja layi a jikin gugan ka ce wa yaro ya rufe famfon idan ruwa ya kai layin. Ko ka ja layin a tsakiya, ko ka ja shi a baki, gudun ruwan famfo ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne tsawon lokacin da famfon zai yi a buɗe. To haka esi yake. Wanda ya sa 16 da wanda ya sa 25, idan ɗakunansu iri ɗaya ne, kusan tare za su kai 25. Na biyun injinsa zai huta a nan. Na farkon injinsa zai ci gaba da gurnani yana neman 16, wadda a tsananin zafi mai yiwuwa ba zai taɓa kaiwa ba. Can cikin dare sai ka ga mai ɗakin ya jawo bargo. Ya biya kuɗin sanyi, ga shi yana ɓuya daga sanyin.

Akwai esi na zamani mai inbata. Shi ba ya tsayawa cak, rage gudu yake yi idan ya kusa lambar da aka ba shi. Amma shi ma, idan ɗaki ya ɗau zafi sosai, da dukan ƙarfinsa yake farawa, ko 24 aka sa masa ko 16.

Tamostat tsohuwar dabara ce, ta riga esi zuwa duniya. Wani malamin makaranta a jihar Wiskonsin ta Amurka, mai suna Warren Johnson, ya yi rajistar irin tasa a 1883. Don lokacin sanyi ma ya ƙera ta: idan aji ya yi sanyi ko ya yi zafi, sai ta kaɗa ƙararrawa, mai kula da wutar ɗumama ginin ya san abin yi. Irin na dā suna aiki ne da ƙarafa biyu da aka manne tare. Idan zafi ya taɓa su, ɗaya yakan miƙe fiye da ɗaya, sai su lanƙwashe su haɗa waya ko su raba ta. Na yanzu ɗan ƙaramin ma'auni ne na lantarki, bai fi kan ashana da yawa ba.

Harafin da ke gefen lamba

Ku duba gefen lambar da kyau. Za ku ga C ko F. Ma'aunai biyu ne daban, kamar yadda mita da yadi suke daban. C shi ne Salsiyos, wanda yawancin ƙasashen duniya suke amfani da shi. A kansa ruwa yakan daskare a 0, ya tafasa a 100, jikin mutum mai lafiya kuma yana wajen 37. F shi ne Farenhait, wanda Amurka take amfani da shi. A kansa ruwa yakan daskare a 32, ya tafasa a 212.

Idan ka ga rimot ya nuna 75 ko 78, kada ka firgita, bai lalace ba. An juya shi ne zuwa F. Digiri 24 a C daidai yake da kimanin 75 a F, 26 kuma kimanin 79, sannan 28 kimanin 82. A wannan babi duk lambar da muka ambata ta C ce, sai inda muka faɗa.

To wace lamba za a sa?

Zafi kullum daga inda ya yi yawa yake kwarara zuwa inda ya yi kaɗan. Yana shigowa ta bango, ta rufi, ta gilashin taga, ta ƙarƙashin ƙofa. Idan tazarar da ke tsakanin zafin waje da na ciki ta yi faɗi, shigowarsa takan yi sauri. A ce waje 38 ne. Wanda ya sa 26 yana kare tazarar digiri 12. Wanda ya sa 18 yana kare tazarar digiri 20, injinsa kuma dole ya yi ta kwasar zafin da ke shigowa yana zubarwa waje ba hutu.

Ƙasashe da dama sun yi magana a kan wannan. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta yi shekaru a baya tana ba da shawarar 78 a F, wato wajen 26, lokacin da mutane suke gida. A Indiya, tun daga farkon 2020, an wajabta wa masu ƙera esi su saita sabuwar na'ura ta riƙa tashi a kan 24, kuma hukumar tattalin makamashi ta ƙasar ta ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da aka ƙara yana rage shan wuta da kusan kashi 6 cikin ɗari. Japan ta fara wani shiri a 2005 na barin ofisoshi a 28, aka ce ma'aikata su ajiye kwat da nakatai su sa tufafi marasa nauyi. Sifaniya kuma a 2022 ta hana shaguna da gine-ginen gwamnati sauka ƙasa da 27.

Kun ga duk lambobin nan tsakanin 24 da 28 suke. Babu wanda ya ce 16, babu wanda ya ce 18.

Shawarar da zan ba ku ita ce ku fara da 26. Ku zauna rabin sa'a. Idan har yanzu da zafi, ku sauko 25, ku sake jira. Wanda ya saba da 18 kuma kada ya yi tsalle a rana ɗaya, zai ce an cuce shi. Ya riƙa ƙara digiri ɗaya duk bayan kwana biyu ko uku, jiki yakan saba.

Wani dattijo a aji ya taɓa ce mini, "Malam, ni fa a 26 gumi nake yi."

Na ce, "Baba, akwai fanka a ɗakin?"

Ya ce akwai, amma yakan kashe ta idan ya kunna esi, don kada wuta ta yi yawa.

A nan ne aka yi baya-baya. Fanka ba ta shan ko kashi ɗaya cikin goma na abin da esi yake sha. Iskar da take kaɗawa tana busar da gumin jiki, sai mutum ya ji kamar an rage zafi da wajen digiri biyu. Wato 26 da fanka yakan yi daɗi kamar 24 ba fanka. Sai dai fanka jikin mutum take sanyayawa, ba ta rage zafin ɗaki ko kaɗan. Idan kowa ya fita, a kashe ta.

Duk wannan tattali ba ya shafar tsoho mai rauni, da jariri, da mara lafiya. Zafi yakan yi musu illa da wuri, wani lokaci ma ba sa iya faɗa. Ɗakinsu a bar shi da sanyin da ya ishe su.

Idan za a fita, da kuma dare

Wasu sukan ce gara a bar esi a kunne duk yini, wai sake sanyaya ɗakin da ya yi zafi ya fi cin wuta. Ba haka ba ne. Ɗakin da aka bari da sanyi ba kowa, zafi yana ta shiga injin yana ta fitarwa, awa bayan awa, don kujeru da labule. Idan fitar ta 'yan mintoci ce, a bar shi. Idan ta sa'o'i ce, a kashe, ko a ɗaga lambar zuwa 29 ko 30. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce ɗaga lamba a lokacin zafi, ko sauke ta a lokacin sanyi, da digiri 7 zuwa 10 a F na tsawon sa'o'i takwas kullum yana iya rage kuɗin sanyaya gida da ɗumama shi da kusan kashi 10 cikin ɗari a shekara.

Da dare zafin iskar waje yakan sauka, jikin mai barci ma yakan rage zafi. Shi ya sa lambar da ta yi maka daidai da ƙarfe goma take sa ka ƙudundune da asuba. Maɓallin barci, mai alamar jinjirin wata, don haka aka yi shi. A yawancin esi yakan ƙara digiri ɗaya bayan sa'a ɗaya, ya ƙara wani bayan sa'a ta biyu, sannan ya tsaya a nan. Mai alamar agogo kuma shi ne na sa lokacin kashewa.

Abu ɗaya da ke ruɗa mutane: ka kashe esi ka kunna nan take, sai ka ji iska kawai ba sanyi. Ka jira. An sa wa kwampreso jinkirin kimanin minti uku don kada ya lalace.

Alamomin rimot

Alamar ƙanƙara mai kama da tauraro ita ce ta sanyi, kusa da ita za ku ga an rubuta COOL. Ita ake so a lokacin zafi. Alamar fanka, FAN, iska kawai take kaɗawa, injin waje ba ya tashi. Alamar rana ta ɗumama ɗaki ce, kuma wanda ya danna ta bisa kuskure a tsakiyar bazara ba zai so ya maimaita ba.

Wadda ba a cika sani ba ita ce alamar ɗigon ruwa, DRY. Akwai ranakun da ma'auni bai hau sosai ba amma jiki yana ta danƙo, riga tana mannewa. Laima ce ta yi yawa a iska, gumi ba ya bushewa. A irin wannan rana rage lamba ba shi ne magani ba. Alamar ɗigon ruwa takan sa esi ya tsotse laimar a hankali, sai ɗaki ya yi daɗi ba tare da sanyi mai shiga ƙashi ba.

Kada a ruɗi mai gadi

Tamostat iskar da ke kusa da shi kawai yake ji. A esi na bango, ma'aunin yana wurin da na'urar take zuƙar iska. A manyan gidaje kuma akan kafa shi daban a jikin bango, wajen mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Idan rana tana dukansa, ko akwai talabijin ko fitila mai zafi a gindinsa, zai ɗauka duk ɗakin haka yake, ya hana injin hutawa. A kawar da irin waɗannan daga kusa da shi, a sauke labule a tagar da rana take bugawa, a rufe ƙofa.

Sai filta, wato ragar da ke bayan murfin gaba. Idan ƙura ta toshe ta, iska ba ta wucewa sosai, sai ka ga mutum yana ta rage lamba yana zargin injin. A kashe esi, a ɗaga murfin, a zaro ragar, a wanke da ruwa, a shanya a inuwa har ta bushe, sannan a mayar. Sau ɗaya a wata ya isa, inda ƙura take da yawa kuwa duk mako biyu. Ba ya buƙatar mai gyara.

Aikin aji

1. Zafin ɗaki 32 ne, an sa rimot a 26. Digiri nawa esi zai rage kafin injin ya huta?

2. Wani gida yana shan yunit 200 na wuta a wata wajen esi, lamba tana kan 21. Idan kowane digiri ɗaya yana rage kashi 6 cikin ɗari, kimanin yunit nawa za su rage idan suka koma 25?

3. Rimot ya nuna 79. Me ya faru, kuma nawa ne wannan a C?

4. Ku zana alamar sanyi, da ta ɗigon ruwa, da ta barci, ku rubuta aikin kowace a ƙarƙashinta.

Aikin gida

Wanda yake da esi da mita, ya rubuta lambar mita da daddare kafin ya kunna, ya sake rubutawa da safe. Ya yi haka dare uku a kan lambar da ya saba, sannan dare uku a kan 26 tare da fanka. Wanda ba shi da shi ya nemi rimot a wurin aiki ko wurin maƙwabci, ya kwafo duk alamomin da ke jiki. Ku zo da littattafanku a zama na gaba, za mu haɗa lissafin a kan allo.